Yadda zaka yiwa laftof ɗin makaranta fomat ta koma sabuwa, da abinda ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

Duk lokacin da 'yan SS3 suka gama WAEC da NECO, ko 'yan jami'a suka kare furojet, tambaya ɗaya ce take yawo a guruf ɗin iyaye da na ɗalibai a nan Abuja: wai ya ake yiwa laftof ɗin da makaranta ta bada fomat ne? Wani so yake ya miƙa wa ƙaninsa, wata kuma mayarwa makaranta zatayi amma bata so malamin kwamfuta ya buɗe yaga hotunanta da abubuwan da ta ajiye, wani kuma kawai na'urar ce tayi nauyi, kafin ta buɗe ka gama shan shayi ka wanke kofi. Aikin kansa ba wani wahala bane, danne-danne ne da basu kai goma ba. Inda mutane suke shiga uku shine abinda ya kamata suyi kafin dannawa.

Toh fara da wannan tambayar, laftof ɗin ta waye? Domin kashi uku ne. Akwai wadda aro ce, makaranta ta baka kayi karatu ka dawo da ita. Akwai wadda an saka kuɗinta cikin kuɗin makaranta, iyaye sun biya, in ka gama taka ce. Akwai kuma ta kyauta ko ta wani shirin tallafi. Idan aro ce to gaskiya karka yi mata fomat da kanka sai an ce kayi, saboda makarantu da yawa sun saka ka ko mahaifinka hannu a takarda akan haka, kuma akwai manhajojin jarabawa da na karatu da suka saka wanda in ka goge babu inda zaka samo su. Ka kwashe kayanka, ka fita daga akawun ɗinka, ka kai musu su goge a gabanka, shikenan.

Ko da taka ce ma, akwai abin da mutane basu gane ba. Fomat yana goge abin da ke cikin laftof ɗin ne kawai, baya goge sunanta daga rajistar makaranta. Makarantun da suke da tsari suna yiwa na'urorinsu rajista a wajen Microsoft ta hanyar Intune da Windows Autopilot (tsare-tsaren da ake kula da na'urori dasu daga nesa), ko a wajen Google idan Chromebook ce, ko Apple School Manager idan MacBook ce, kuma rajistar tana ɗaure ne da lambar jikin na'urar, ba a cikin hadis (hard disk, ma'ajiyar fayilolin na'urar) take zaune ba. Kamar gidan haya ne, ka share ɗaki ka yi fenti ka canza labule, takardar gida dai tana hannun mai gida. Shi yasa zakaga mutum yayi fomat, ya canza hadis ma gaba ɗaya, yana haɗa ta da intanet sai ga sunan makaranta da tambarinta sun fito tana neman imel ɗin ɗalibi.

Yadda zaka gane ko makaranta tana riƙe da ita

A Windows, shiga Settings, sai Accounts, sai Access work or school. In kaga sunan makaranta a wajen, ko an rubuta an haɗa ta da Entra ID ko Azure AD ɗin makarantar, to da alama tana hannunsu. Sunayen nan biyu abu ɗaya ne, Microsoft ce ta canza sunan a 2023, tsofaffin na'urori har yanzu tsohon sunan suke nunawa. Wata alamar kuma, in kana shiga wasu wurare a Settings kana ganin rubutu a sama cewa wasu saituna ƙungiyarka ce take kula dasu. In kana so ka tabbatar sosai, danna maɓallin Windows, rubuta cmd, ka buɗe baƙin allon nan ka rubuta dsregcmd /status ka danna Enter, sai ka duba layin AzureAdJoined da na DomainJoined. In ɗaya daga ciki yace YES ka samu amsarka.

A Chromebook abin yafi sauƙi, tun a allon shiga zakaga an rubuta a ƙasa cewa wane ne yake kula da na'urar, ko ka buɗe Chrome ka rubuta chrome://management. A MacBook kuma ka leƙa System Settings ka nemi Profiles ko Device Management.

In ka tabbatar tana hannunsu, sai ka nufi ofishin ICT na makarantar, da laftof ɗin da cajarta da rasit ko takardar da ta nuna an biya. Kar kaje kace kawai "a cire min makaranta", wani malamin zai goge maka akawun ne kawai ya ce ya gama, alhali babban abin yana nan. Ka faɗi abin da kake so dalla-dalla. Ko ta WhatsApp ne zaka iya rubuta masa kamar haka: "Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Dan Allah laftof ɗin yarona ce da ya gama bana, muna so mu yi mata fomat. Muna roƙon a cire ta daga Intune da kuma Autopilot, a bamu lambar BitLocker, in kuma akwai fasuwod a BIOS a cire mana. Ga lambar jikinta nan. Allah ya saka da alheri." BitLocker kulle ne na hadis, bayaninsa yana zuwa a ƙasa, BIOS kuma saitunan na'urar ne da ake shiga tun kafin Windows ta tashi. Lambar jikin tana kan sitika a ƙasan laftof ɗin, an rubuta Serial Number ko S/N, a Dell kuma Service Tag suke ce mata. Abu biyu ne daban fa, cirewa daga Intune da cirewa daga Autopilot, in aka yi na farko aka bar na biyu zata sake komawa hannunsu bayan fomat. Idan Chromebook ce kalmar da zaka faɗa masa itace ya yi mata deprovision, wato ya cire ta daga rajistarsu, a Google Admin, idan Mac ce ya sake ta daga Apple School Manager ya kuma tabbatar babu Activation Lock a kanta, wato kullen Apple da yake hana wani amfani da ita bayan an goge.

Nasan wani zai ce ai akwai yara masu gyara da zasu tsallake duk wannan da 'yan dubbai. Ra'ayina dai, asarar kuɗi ce. Yawancin dabarun nan na ɗan lokaci ne, ranar da ka sake fomat ko wani babban sabuntawa ya zo sai ta koma gidan jiya, ga shi kuma in ta aro ce ka jawo wa kanka magana da makaranta. Abin da malamin ICT zai yi cikin 'yan mintuna kyauta, me zai sa ka biya a farfasa maka na'ura.

Kwashe kayanka

Nan ne nake so ka nutsu, don abin da fomat ya ci da wuya ya dawo. Samu filash mai kyau ko hadis na waje, kuma dan Allah ka kula da filash ɗin bogi da ake talla a bakin titi, wanda aka rubuta 128GB alhali cikinsa bai kai 8 ba, zai nuna maka ya kwafa komai amma ranar da ka buɗe fayil ɗin duk sun lalace. Ka saya a shagon da zaka iya komawa ka yi magana, a kasuwar waya da kwamfuta ta Banex ko wani wajen da ka sani, sannan bayan ka kwafa ka soka shi a wata kwamfutar ka buɗe fayil guda biyar ko shida ka gani da idonka suna buɗewa.

Foldojin da zaka duba sune Desktop, Documents, Downloads, Pictures, Videos. Downloads ɗin nan kar ka raina shi, nan ne yawanci silif ɗin JAMB, rasit ɗin Remita na kuɗin makaranta, da takardar admishan suke kwance mutum ya manta.

Sai maganar OneDrive, wadda itace take cin mutane. In laftof ɗin tana kan akawun ɗin makaranta, akwai yiwuwar fayilolinka basa cikin na'urar kwata-kwata, sunansu kawai kake gani. Duba gefen kowane fayil, in kaga alamar gajimare to yana intanet ne, in kaga koren alamar daidai yana cikin na'urar. Danna dama akan foldar ka zaɓi Always keep on this device, ka jira su sauko duka, sannan ka kwafa zuwa filash. Dalili kuwa, da zarar makaranta ta rufe akawun ɗin ɗalibin da ya gama, OneDrive ɗin da imel ɗin zasu tafi tare, babu wanda zai kira ka ya sanar da kai. Haka Google Drive na makaranta.

Wani abin kuma da ake mantawa, fasuwod ɗin da birawza take riƙe maka. Mutane da yawa basu san fasuwod ɗin Facebook ko fotal ɗin makarantarsu ba, Chrome ce take cike musu kullum. Shiga wajen ajiyar fasuwod na Chrome ko Edge ka duba su ka rubuta masu muhimmanci. In kuma ka taɓa amfani da imel ɗin makaranta ka buɗe wani abu, banki ne ko LinkedIn ko neman sikolashif, je ka canza shi zuwa imel ɗinka na kanka tun yanzu da yake aiki. 'Yan jami'a masu SPSS ko AutoCAD ko Zotero, ku sani manhajar zata tafi, lasin ɗinta ma in na makaranta ne ya tafi, don haka ku fitar da data da jerin manazarta a ajiye daban.

Lambar BitLocker

BitLocker kulle ne da Windows take yiwa hadis ɗin yadda ko ɓarawo ya cire shi ya saka a wata kwamfutar ba zai karanta komai ba. Makullinsa lamba ce mai tsawon 48, an raba ta gida takwas, kowane gida lamba shida. Wani lokaci ana tsakiyar aiki sai shuɗin allo ya fito yace a saka ta, kuma in baka da ita babu wani mai gyara a duniya da zai fito maka da fayilolinka, Microsoft ɗin ma bata iya ƙirƙiro maka wata. In akawun ɗinka na kanka ne akan na'urar, shiga aka.ms/myrecoverykey a wayarka zaka ganta. In na makaranta ne gwada aka.ms/aadrecoverykey, in bata fito ba to tana wajen malamin ICT. In kana da ikon admin, buɗe cmd da Run as administrator ka rubuta manage-bde -protectors -get C: zata nuna maka. Rubuta a takarda, ka kuma ɗauki hotonta da waya. Kar ka ajiye ta cikin laftof ɗin da zaka goge, abin dariya ne amma ana yi.

Wuta da data

Aikin yana iya ɗaukar rabin awa, yana iya kaiwa awa uku ko fi, ya danganta da ko SSD ce a ciki (sabuwar ma'ajiya mai sauri) ko tsohon hadis mai juyawa. Batirin laftof ɗin da yara suka yi shekara uku suna wahalarwa kuwa ba abin dogaro bane. In ta mutu ana tsakiyar fomat tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Don haka ka cika batir, ka barta a jone, kuma ka zaɓi lokacin da kake da madogara, inbata ko janareto, ko ka tafi da ita ofis. Mu 'yan Kubwa da Nyanya da Lugbe mun san halin wutar unguwanninmu, ba sai an yi mana bayani ba. Windows ɗin ma kanta in taga ba a jone take ba tana iya ƙin farawa.

Yanzu fomat ɗin kansa, a Windows

A Windows 11: Settings, System, Recovery, sai ka danna Reset PC. A Windows 10: Settings, Update & Security, Recovery, sai Get started a ƙarƙashin Reset this PC. In ta nemi fasuwod ɗin admin kuma baka da shi, wannan ma alama ce ka koma wajen makaranta.

Zata baka zaɓi biyu. Keep my files yana barin fayilolinka ya goge manhajoji da saituna, wannan na wanda yake so ta daina nauyi ne kuma shi zai ci gaba da amfani da ita. Remove everything shine fomat na gaske, shi zaka zaɓa in zaka bawa wani, ko sayarwa, ko rabuwa da akawun ɗin makaranta.

Daga nan sai ta tambaye ka Cloud download ko Local reinstall. Na farko zai sauko da sabuwar Windows daga intanet, kuma yana cin data sama da 4GB, ita kanta zata gargaɗe ka. Na biyu yana sake gina ta ne daga fayilolin da suke cikin na'urar, baya cin data. In laftof ɗin lafiyarta ƙalau, ɗauki Local ka huta. In kuma dama tana ta hauka, tana shuɗin allo, ko bairos ya cinye ta, gara Cloud, don gini da tubalin da ya riga ya lalace bashi da amfani. Kuma in hotsifot ɗin waya zaka yi amfani dashi ka tabbatar data ta kai 8GB ko 10GB, saboda bayan an gama ma sabuntawa zasu biyo baya suna ci.

Shafi na gaba mutane suna wuce shi da gudu, alhali yana da muhimmanci. Danna Change settings. Akwai Clean data, in ka mayar dashi Yes zata bi hadis ɗin ta share sosai yadda zai yi wuya wani ya dawo da hotunanka da manhajar tono fayil. Yana ƙara lokaci, awanni ma a tsohon hadis, amma in na'urar zata bar gidanku ne wallahi ka kunna shi. In ƙaninka zaka bawa ba dole bane. In hadis ɗin an raba shi gida biyu, C da D, zakaga tambayar ko a goge duka ko wanda Windows take kai kawai, ka duba da kyau kafin ka amsa.

Sai Confirm, Next, zata nuna maka jerin abin da zata goge, ka karanta, sannan Reset. Daga nan ka cire hannunka. Zata kashe kanta ta kunna sau da yawa, allo zai yi baƙi, lissafin zai iya tsayawa a wata lamba na tsawon lokaci kamar ta sanƙare. Ba ta sanƙare ba, aiki take. Kar ka danne maɓallin kashewa don haƙurinka ya ƙare, je ka yi sallah ka ci abinci ka dawo.

In bata buɗewa ma balle ka kai Settings, a allon shiga ka riƙe Shift, ka danna alamar wuta a ƙasan dama, ka zaɓi Restart kana riƙe da Shift ɗin. Shuɗin shafi zai fito, Troubleshoot, sai Reset this PC, sauran iri ɗaya ne. A HP zaka iya danna F11 tana tashi, Lenovo da yawa suna da ɗan ƙaramin maɓalli a gefe da ake kira Novo wanda ake tsokana da allura. A nan ne yawanci take neman lambar BitLocker ɗin nan.

In ta ce an samu matsala babu abin da aka canza

Wannan saƙon yana fitowa sosai, kar ka tsorata, bata lalace ba. Fara da sake gwadawa ta Cloud download. In ya ƙi, buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta sfc /scannow ka jira ya gama, sannan DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth. Ka kuma rubuta reagentc /info, in yace Disabled sai ka rubuta reagentc /enable. In duk sun ƙi sai hanyar filash: a wata kwamfutar ka sauko da Media Creation Tool daga shafin Microsoft na asali, ka saka filash mara komai mai 8GB ko fi don zai goge duk abin da ke kansa, ka haɗa Windows a kai. Ka soka a laftof ɗin, tana tashi ka danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi filash ɗin. In a nan ta nemi fasuwod ɗin BIOS, to ka gane dalilin da yasa na saka shi cikin saƙon malam tun farko.

Bayan ta tashi

Zata tambayi ƙasa, zaɓi Nigeria, kibod kuma yawancin laftof ɗin da ke kasuwarmu US ne, in ka zaɓi UK zakaga alamar @ ta canza waje. Haɗa ta da intanet, kuma a nan zaka san ko an sake ta da gaske. In ta tambaye ka akawun ɗin Microsoft naka ko ta baka zaɓin Set up for personal use, alhamdulillahi. In sunan makaranta ya fito, tsaya nan, kira malam ya cire ta daga Autopilot, ka bashi ɗan lokaci abin ya bi jiki sannan ka sake fomat ɗin.

Da ka shiga, je Windows Update ka barta ta sha ta ƙoshi, har da Optional updates inda direbobin sauti da kyamara, wato ƙananan manhajojin da suke sa su aiki, suke ɓuya. Sai ka leƙa Activation a cikin Settings. In Windows ɗin da kamfani ya sako ce, Home ko Pro, lasin ɗin yana cikin na'urar zata kunna kanta. In kuma Education ko Enterprise ce ta makaranta, tana iya fara nuna maka Activate Windows a ƙasan allo tunda lasin ɗin nasu ne, sai ka saka bugun da na'urar ta zo dashi ta hanyar filash. Word da Excel ma haka, in na makaranta ne sun tafi. Kafin ka bari a loda maka na sata mai ɗauke da bairos, ka sani LibreOffice kyauta ne, kuma Word na birawza ma kyauta ne da akawun ɗin Microsoft. Maganin bairos kuwa Windows Security da ke ciki ya isa yaro ɗan makaranta. Abu ɗaya kuma, Microsoft ta daina tallafawa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, don haka in na'urar tana da TPM 2.0 (wani sashen tsaro da Windows 11 take buƙata) da firosesa Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ka wuce Windows 11 kawai tunda dama ka riga ka zauna zaman aikin.

Chromebook da MacBook

Chromebook nata mintuna ne. Fita daga akawun, a allon shiga ka danna Ctrl, Alt, Shift da R tare, ka zaɓi Restart, sai Powerwash, sai Continue. Abin da zaka kwashe kawai shine foldar Downloads da duk abin da ke My files. In makaranta bata yi mata deprovision ba, ko dai ta hana Powerwash ɗin, ko tana gamawa ta sake yiwa kanta rajista da makarantar.

MacBook mai M1 zuwa sama, ko mai cif ɗin tsaro na T2, in tana kan macOS Monterey na 2021 ko sabo, tana da Erase All Content and Settings. A sababbin bugu yana System Settings, General, Transfer or Reset. Zata nemi fasuwod ɗin admin da na akawun ɗin Apple (wanda da ake ce wa Apple ID) don ta kashe Find My, tsarin neman na'urar in ta ɓace, in baka san shi ba kar ka fara.

Wanda kuma mayarwa makaranta zai yi, ka haɗa da caja, ka ɗauki hoton laftof ɗin a kunne da hoton sitikar lambar jikinta, kuma wanda ya karɓa ya rubuta maka a takarda cewa ya karɓa lafiya da kwanan wata da sa hannu, don ranar kiliyarans ana iya tambayar takardar nan kafin a baka sakamako.